Fure Goma ga Matar da ke Cikin Rami

Ƙarfe takwas saura kwata bas mai lamba huɗu ke sauke Tanti Aglaia Moraru, wato Goggo Aglaia a yarenmu, a bakin gidan wasan kwaikwayon garinmu. Shekara arba'in da ɗaya tana haka, ko ana zafi ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Jakarta ɗaya ce, baƙa, ni na sake mata hannu har sau uku. A ciki akwai fulas ɗin shayi, fensir uku da ta fere da wuƙar kicin, ɗan matashin da take zama a kai, da guntun burodi da cuku a naɗe cikin tsumma. Takan gaida mai gadi, ta leƙo ɗakin ɗinkina ta ce, "Domnika, kina raye?" in ce, "Ban mutu ba tukuna, Tanti." Daga nan sai ta sauka ƙarƙashin dandali ta shiga raminta.

Rami ne na gaske, a gaban dandali daidai tsakiya, da ɗan murfi a kife don kada 'yan kallo su gan ta. Kanta kaɗai ke leƙowa, daidai takalman 'yan wasa, duk ƙurar da suka tayar ita ke shaƙa. Aikinta shi ne idan ɗan wasa ya manta abin da zai faɗa, ta raɗa masa. Mai raɗa muke ce mata, kuma ita ce ta ƙarshe da ta rage a duk lardin nan.

Ni ce mai ɗinka kayan wasa a gidan, shekara talatin da biyu. Ba ni da hannun rubutu irin na 'yan jarida, kuma da raina a kwance yake da ban ɗauki biro ba. Haushi ne ya zaunar da ni, kuma ba zan ɓoye shi ba, domin abin da aka yi wa matar nan a watan jiya ya tsaya mini a wuya.

Masu ganin aikinta ba komai ba ne, su saurara. A rubutun wasan da ke gabanta, da fensir take sa alama a duk inda kowane ɗan wasa ke jan numfashi, har ta san numfashin mutum ashirin fiye da matansu da mazansu. Ta san shirun da ɗan wasa ke yi da gangan don magana ta ratsa 'yan kallo, ta kuma san shirun wanda kansa ya ɗauke wuta. Na taɓa tambayarta yadda take bambancewa. Ta ce, "Maƙogwaro nake kallo. Wanda ya yi shiru da gangan maƙogwaronsa a kwance yake. Wanda ya manta sai ya haɗiyi yawu." Kuma kalma ɗaya tak take bayarwa, ko za ka mutu a tsaye. 'Yan wasa sun zage ta a kan wannan ya fi a ƙirga, ita ko a jikinta. Cewa take, "In na ba shi jimla, gobe ma ni zai jira. In na ba shi kalma ɗaya, sauran shi ya samo da kansa."

Ita ma ta so hawa dandalin. Sau uku tana zuwa Bukarest jarrabawar shiga makarantar wasan kwaikwayo, sau uku ana ce mata muryarta ba ta wuce layi na biyar. Ta dawo gida ta nemi aikin da ƙaramar murya ke da amfani a ciki, ban kuma taɓa jin ta yi ƙorafin wannan ba. A fostar kowane wasa akwai sunan mai fitila, akwai nawa can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Nata babu. Wai al'ada ce, wai abin kunya ne a nuna wa duniya 'yan wasa na mantuwa. Shekara arba'in da ɗaya tana rufa wa manya asiri, su kuma suna rufe sunanta.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana sabon shugaba, Domnu Tiberiu, wato Malam Tiberiu, wanda kafin nan kamfanin shirya bikin aure yake riƙe. Bai yi wata uku ba ya gayyato mana wani mutum daga Bukarest, mai fararen haƙora da takalmi ba safa, wai zai koya mana matakai bakwai na nasara da kaifin ƙwaƙwalwa. Kwana biyu aka tsare mu a zaure. Ya sa muka tsaya gaban madubi muna ihu, "Ni gwarzo ne! Ni gwarzuwa ce!" har da ni, da tef ɗin awo a wuya. Ya ce mantuwa ra'ayi ce, duk wanda ya manta abu shi ya ga damar mantawa. A rana ta biyu Tanti Aglaia ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Ɗana, me ka ce mana jiya shi ne mataki na huɗu?" Mutumin ya yi tsuru-tsuru, sai da ya duba takarda. Tun ran nan muke kiransa Mataki Bakwai, ban ma ƙara riƙe sunansa na gaskiya ba.

A Oktoban bara Nea Pamfil Ursake, wato Baba Pamfil, ya faɗi a ɗakin ɗinkina. Duk wanda ya taɓa shiga gidan wasanmu ya san shi, shi ne babban ɗan wasanmu, mai murya kamar ana buga ganga, wanda ya riƙe wasanni arba'in a kansa. Ina gwada masa kwat ya ce, "Domnika, miƙo min..." sai kalmar ta ƙi zuwa. Ya dube ni, bakinsa ya karkace, ya zube. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, amma ƙafar dama ja take, hannun dama ba ya riƙe kofi, kalmomi kuma sun watse masa. Cokali ya kira shi makulli. Sai da ya kwana goma kafin ya iya kiran sunan matarsa, Ilinka.

Ilinka ce ta ba ni labarin ranar da Domnu Tiberiu ya je dubiya. Ya kai masa littafin Mataki Bakwai a naɗe da ƙyalle, ya zauna a bakin kujera bai cire hula ba, ya ce, "Nea Pamfil, kai namu ne, amma gida ba ya tsayawa. Oktoba mai zuwa za mu buɗe kakar wasa da wasan mai kwale-kwale. In ka iya ɗaukarsa, naka ne. In ba ka iya ba, sai mu rubuta maka takardar ritaya ta rashin lafiya." Wasan mai kwale-kwale kuwa nasa ne tun asali, ya yi shi sama da sau ɗari uku: labarin wani tsoho da ke tsallakar da mutane kogi, ɗansa ya tafi aiki Italiya bai dawo ba. Mutumin da bai iya kiran cokali ba aka ba shi wata sha ɗaya. Tiberiu ya san abin da yake yi, so yake a ce ya ba shi dama.

Tanti Aglaia na zaune a kicin tana jin komai. Da Tiberiu ya fita ta shigo ta ce da Pamfil, "Gobe ƙarfe shida da rabi ka sa takalmi."

Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya ce mata sannu. Kullum kafin ta zo aiki sai ta biya gidansa. Ta ƙirga ƙofofin da ke tsakanin gidan da gidan wasa, arba'in da uku, ta raba maganganunsa na wasan kashi arba'in da uku, ta rataya wa kowace ƙofa nata. Ƙofar mai burodi ita ce maganar da yake buɗe wasa da ita. Ƙofar kantin magani ita ce faɗansa da mai karɓar haraji. Sai su tsaya a gaban ƙofa, shi da sandarsa ita da jakarta, ba za su wuce ba sai ya faɗa. A watan farko ƙofa uku suka ci. Mai burodin ta gaya mini da bakinta cewa akwai safiyar da ya yi minti arba'in a gaban shagonta cikin ƙanƙara, hawaye na daskarewa a gemunsa, Tanti na gefe hannu cikin aljihu tana kallon maƙogwaronsa. Ta ce, "Na fito da kujera, tsohuwar ta harare ni, na mayar."

Akwai abin da duk ɗan gidan wasa ya sani: in rubutun wasa ya faɗi ƙasa, sai ka zauna a kansa kafin ka ɗauka, in ba haka ba kalmomin za su gudu daga kanka. Camfi ne, na sani, amma ban taɓa ganin ɗan wasan da ya karya shi ba, har waɗanda rabonsu da coci tun ranar aurensu. Da wannan camfin Tanti Aglaia ta kama Pamfil.

Akwai wuri ɗaya a wasan da ya gagare shi, inda tsohon ke karanta wasiƙar ɗansa ya ɗago ya yi magana. Kullum suka zo nan sai kansa ya toshe. Wata safiya a kicin ɗinsa, Ilinka na tuƙa tuwon masara, ya ɗaga rubutun ya maka shi da ƙasa.

"Na gaji! Ki ƙyale ni in mutu da mutuncina, Aglaia. Tsohuwar mayya kawai!"

"To," in ji ta. "Amma ka yar da takarda. Zauna a kai."

"Da wace ƙafar?"

"Da ɗuwawu ake zama, Pamfil. Naka kuwa lafiyarsu lau, likita bai ce komai a kansu ba."

Ilinka ta saki muciya za ta kama shi, Tanti ta riƙe mata hannun riga. Ya zage ta, ya zagi uwarta da ta daɗe a kabari, amma tsoron camfin ya fi ƙarfinsa. Ya dafa teburi, ya lanƙwasa ƙafar mai lafiya, ya sulale har ya zauna daɓas a kan takardar yana haki. Tanti ta sunkuyo ta ce, "Tunda kana ƙasa, ba ka tashi sai ka faɗa mini abin da ya sa ka jefar." Ta ba shi kalmar farko. Ya daɗe a zaune a kan siminti mai sanyi kafin sauran suka fito ɗaya bayan ɗaya: "Na tsallakar da rabin ƙasar nan zuwa wancan gaɓar, ban taɓa dawo da ko mutum ɗaya ba." Sannan ya kama ƙafar teburi ya tashi da kansa. Ilinka ta ce tuwon ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya lura.

Mutum ne mai zuciya, bai daina jifa da takarda ba. Ita ma ba ta daina sa shi zama ba. Ilinka ta ce ta bar ƙirgawa da suka haura sau ɗari. Likitan da ke duba ƙafarsa ya tambaye shi wane irin motsa jiki yake yi da cinyar ta yi ƙarfi haka, Pamfil ya ce, "Fushi, likita." Zuwa bazara sun ci ƙofa talatin. Zuwa Agusta ya shigo gidan wasa da ƙafarsa, ya tsaya a ƙofar ɗakina, ƙofa ta arba'in da huɗu da ba ta cikin lissafi, ya ce, "Domnika, miƙo min almakashi." Kalmar da ta maƙale masa ke nan ranar da ya faɗi. Na zauna a gaban keken ɗinkina na yi kuka.

Tanti Aglaia, ke ce kika yi wannan. Ke ce kika sha zagi wata sha ɗaya kafin ki karya kumallo. Ba ki taɓa ce masa gwarzo ne ba, ba ki sa shi ya yi wa madubi ihu ba. Kin tsaya kusa da shi cikin sanyi kin hana kanki taimakonsa, wanda ya fi komai wuya ga mai tausayi irinki. Na san ki, na ga yadda kike shigowa ɗakina bayan kin rabu da shi ki zauna ki miƙo mini fulas in buɗe miki.

Yanzu ga sakayyar da aka yi mata. A Satumba Domnu Tiberiu ya kira kafintoci suka rufe ramin da katako, suka shafa fenti kamar ba a taɓa yin rami a wurin ba. Ya sayo 'yar na'urar da ake sa wa ɗan wasa a kunne, wani a ɗakin fitilu yana karanto masa daga kwamfuta. Ita kuma aka miƙa mata takardar ritaya, wai shekarunta sun wuce tuntuni. A gwajin wasa na farko, duk inda Pamfil ya tsaya jan numfashi sai muryar ta faɗo masa cikin kunne, ya rikice ya ce, "Wannan abin ba ya barin mutum ya yi shiru!" Sai kuma fosta ta fito. Hoton Pamfil a gefe ɗaya, hoton Mataki Bakwai da haƙoransa a ɗaya gefen, a ƙasa an rubuta wai ya dawo da ƙwaƙwalwarsa ta hanyar matakai bakwai. Littafin da Tiberiu ya kai wa Pamfil kuwa na gan shi da idona, yana ƙarƙashin ƙafar teburin kicin ɗin Ilinka, saboda teburin na girgiɗi.

Na shiga ofishin Tiberiu ban ƙwanƙwasa ba. Na ce, "Domnu Darakta, ba ka jin kunyar Allah? Ka san wadda ta yi aikin nan."

Ya ce, "Tanti Domnika, kwantar da hankalinki. Mutane labarin nasara suke so. Wa zai zo kallo don an ce wata tsohuwa ta yi yawo da mutum a titi?"

Na ce, "Ran da naka kan ya toshe, sai ka kira mai haƙoran ya zo ƙarfe shida da rabi mu gani."

Ya yi dariya ya ce in je in ƙarasa ɗinkina. Ita da na kai mata ƙara, cewa ta yi, "Bar shi. Kin duba maɓallin kwat ɗin Pamfil? Da hannun hagu zai ɓalla, ki faɗaɗa ramin maɓallin." Wannan haƙurin nata ma haushi yake ba ni.

Ranar buɗe wasan Lahadi ce, ƙarfe biyar na yamma. Ƙarfe uku aka tara mu a zaure wai bikin sallamarta. Tiberiu ya yi jawabin minti huɗu, sau biyu yana kiranta Agripina. Sannan ya miƙa mata furanni ja a naɗe da takarda. Na ga idon kowa yana ƙirgawa, domin a ƙasar nan ba a ba wa mutum fure a ƙi ƙirgawa. Goma ne. Kowa ya sani, mai rai mara ake ba shi, uku ko biyar ko bakwai. Cika kuwa na kabari ne. Mutumin da ya yi shekaru yana shirya bikin aure ba zai ce bai sani ba, aike ya yi bai ko duba ba. Tanti Aglaia ta ƙirga da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago ta ce, "Na gode, Domnu Darakta. Ka ɗan yi gaggawa, amma na gode." Na rantse da Allah da almakashina na hannuna ban san abin da zan yi ba.

Kujerar da aka ba ta a layi na sha shida take, Mataki Bakwai kuwa a layin farko. Ilinka ta je ta kamo hannunta ta zaunar da ita a tata kujerar, layi na biyu daidai tsakiya, taku huɗu daga inda raminta yake a da. Ni ina bayan labule a gefe, ina hango ta da furanninta goma a cinya. Da aka buga ƙararrawa ta uku Pamfil ya zo wucewa, ya zare na'urar daga kunnensa ya jefa cikin gwangwanin allurata ya ce, "Ajiye min wannan, Domnika, kada ya ji ciwo."

Rabin farko ya tafi lafiya. Ina ganin idonsa na san a titi yake, yana bin ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya. Jan ƙafar ma ya dace da tsohon mai kwale-kwale, sai ka ce da haka aka rubuta wasan. Sai aka zo wurin wasiƙa. Ya buɗe ta, ya karanta, ya ɗago kai. Shiru. Na kalli maƙogwaronsa kamar yadda ta koya mini, na ga ya haɗiyi yawu. Wasiƙar ta suɓuce daga hannun damar ta faɗi. Ya kai idonsa gaban dandali, inda ya saba ganin kanta shekara da shekaru, ya ga katako da fenti.

Tiberiu na kusa da ni, gumi na keto masa. Ya ce da mai jan labule, "Sauke! Sauke, ya tafi!" Na juya na ce, "In ka taɓa igiyar nan sai na ɗinke maka baki." Ban san daga ina muryar ta fito ba, amma bai taɓa ba.

Na dubi Tanti Aglaia. Daga inda take, ko da ƙaramar muryar nan tata da aka raina a Bukarest, da ta raɗa zai ji. Kalmar na bakinta, na ga leɓenta ya fara motsi. Sai ta ɗaga hannu ta toshe bakin nata, ta danne, hawaye na bi ta kan yatsunta. Mutum ɗari huɗu a zaure, ba mai ko tari.

Pamfil ya dubi takardar da ke ƙasa. Ba teburin da zai dafa. Ya lanƙwasa ƙafar hagu a hankali, ya kai hannu ƙasa, ya sulale ya zauna a kan wasiƙar. 'Yan kallo sun ɗauka cikin wasan ne, tsoho ne baƙin ciki ya karya masa gwiwa. Mu da ke bayan labule mun san abin da yake yi. Yana zaune a nan, kamar yadda ya zauna a simintin kicin ɗinsa sau ɗari da wani abu, ya buɗe baki, muryar nan ta fito a hankali: "Na tsallakar da rabin ƙasar nan zuwa wancan gaɓar, ban taɓa dawo da ko mutum ɗaya ba." Kusan kowa a zauren nan yana da ɗa ko 'ya a Italiya ko Sifen. Na ji kukan mata daga baya. Ya ƙarasa maganar a zaune, ya tashi da kansa, ya kai wasan ƙarshe.

Da aka zo gaisuwa mutane suka miƙe tsaye, aka yi ta miƙo masa furanni. Mataki Bakwai ya gyara kwat ya nufi matakalar dandali, Tiberiu na yi masa alamar ya hau. Pamfil ya zari fure ɗaya daga cikin nasa, ya sauko matakalar ba sanda, ya raɓa ta gefen mutumin kamar bai gan shi ba. Ya tsaya a layi na biyu, ya soka furen cikin na Tanti, ya juya ga jama'a da muryar da ake ji har titi.

"Sha ɗaya," in ji shi. "Tana raye. Sunanta Aglaia Moraru. Ni da na manta sunan matata na riƙe shi, ku ma ku riƙe."

Ita kuwa ta share ido da bayan hannu ta ce, Ilinka ta ji da kunnenta, "Ka tsallake kalma biyu a wurin mai haraji."

Bayan an watse na tambaye ta me ya hana ta raɗa masa, ga shi ta gan shi yana nutsewa. Ta ce, "Gobe ba na nan, Domnika. Da na ba shi, da ya koma gida da tunanin ba zai iya ba sai da ni. Shekara arba'in da ɗaya ina magana a gidan nan, yau ce kaɗai ranar da aikin ya ce in yi shiru." Ta ɗauki jakarta da furanninta ta tafi jiran bas mai lamba huɗu.

Kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi har in huce. Ban huce ba. Pamfil ya riƙe dandalinsa, ba wanda ya ƙara yi masa zancen takardar ritaya, wannan kam an samu. Amma ramin na nan a rufe. Fostar na nan a bango. Jaridar lardi ta buga hoton mai haƙora, ta ce shaida ce cewa duk mai niyya zai yi nasara. Na ji ma an sake gayyatarsa wata makaranta. Masu sayar da nasara a kwana biyu ba sa rasa kasuwa, domin ba mai son a gaya masa gaskiyar abin: ƙofa arba'in da uku ce, da sanyi, da zama a ƙasa, da wani mai haƙuri da zai tsaya kusa da kai bai ɗaga ka ba.

Tanti Aglaia, yanzu kina zuwa Talata da Alhamis gidan wata tsohuwar malamar makaranta da ita ma kalmomi suka gudu mata, na ji har kin ƙirga ƙofofin da ke tsakanin gidanta da kasuwa. Ba wanda ya sa ki, kamar kullum. Na gode miki a madadin Pamfil da Ilinka, da duk ɗan wasan da ya sha tafi da kalmar da kika ara masa bai waiwayo ba. Na gode a madadin kaina ma, domin ni kika koya wa kallon maƙogwaron mutum kafin in yanke masa magana. Mai ƙaramar murya, Allah ya ƙara miki kwana da lafiya.

Ku kuma da ke karanta wannan, in akwai wani naku da kansa ko ƙafarsa ta gaza, kada ku kai masa littafi a naɗe da ƙyalle ku ce kun yi. Ku sa takalmi ku je ƙarfe shida da rabi. In kuwa ku ne kuka taɓa tsayawa a gaban jama'a aka tafa muku, ku duba ƙasa daidai takalmanku, akwai wanda ya shaƙi ƙurarku. Ku nemi sunansa na gaskiya, ku kai masa fure tun yana iya ƙirgawa da kansa.

Ni na kai mata nawa jiya, guda uku. Ta buɗe ƙofa ta ƙirga da yatsa, ta dube ni ta ce, "Domnika, kina raye?"

Na ce, "Mu biyun duka, Tanti."